Mai Amalanke a Kasuwar Tabriz

Ni ne Yadullah, ɗan dako,
shekara arba'in da ɗaya ina tura amalanke
ƙarƙashin wannan rufin jan tubali.
Rana ba ta san ƙeyata ba.
Sai dai ta leƙo ta hudar ƙubba,
ta tsiyayo haske kamar man shanu
kan buhun busasshen inabi.
In ya kai bakin buhun, azahar ta yi.

Kakana ya ce kakansa ya ce
nan inda nake kurɓar shayi raƙuma suka durƙusa,
da siliki daga gabas, da barkono, da shuɗin dutse.
Fatake su kwana a ɗakunan sama,
dukiya a ƙasa,
mai gadi ya ja ƙyaure, ya rataya mabuɗi a wuya.
Raƙuman sun tafi.
Ni na gaji kayansu, har da ciwon gwiwar.

An ce ƙasa ta taɓa girgiza
ta kwantar da rufin nan kan masu shi.
Ba a gama karɓar gaisuwa ba
magina suka kwaɓa laka,
don gari ba ya numfashi
in maƙogwaronsa na toshe.

Rufe min ido ka sake ni, ba zan ɓata ba.
Kunne ke kai ni layin maƙeran tagulla,
hanci ya kai ni wurin za'afaran da kirfa,
ƙarnin fata ya ce ga masu takalma.
Inda kuma ƙara ta mutu,
inda ƙafa ke tafiya a hankali,
zauren dardumai ke nan.
Wata yarinya a ƙauye ta ba darduma guda damina biyu,
ƙulli bayan ƙulli,
ni na kai ta mota cikin minti bakwai.
Sunanta ba ya jiki. Nauyinta na sani.

Tsakanina da Hajji Mirza Baƙir babu takarda.
Ya ɗaga gira, na ɗauka.
Shekarar da Gulsum ta kwanta asibiti
wata hula ta zaga layinmu,
ta dawo min da nauyi.
Har gobe ban san wa ya sa nawa ba,
sai nake gaida kowa
kamar shi ne ya sa mafi yawa.

Masallaci na ciki, gidan wanka na ciki,
makaranta na bayan masu sayar da takarda.
In Muharram ya kama a naɗe dardumai,
a rataya baƙin ƙyalle,
ciniki ya matsa wa hawaye.
Dattawa kuma suna faɗi, murya ƙasa-ƙasa,
ranar da kasuwa ta ƙi buɗe ƙyaurenta
ko Shah sai ya juya a kan gado.

Ɗana Ayaz na sayar da waya
a wani benen gilashi mai matakala mai tafiya da kanta.
Ya ce, Baba, kasuwarka ta tsufa,
can farashi na manne, ba mai ɓata maka lokaci.
Na ce, to wa ke tambayar lafiyar mahaifiyarka
kafin ya karɓi kuɗinka?
Ya yi dariya. Ban ja ba.

Jiya ya zo neman zoben aure.
Layin maƙeran zinariya ya ɓace masa,
ya zaga mararraba ɗaya sau uku,
wayarsa ta rasa hanya a ƙarƙashin tubali.
Sai ya ji wani tsoho daga nesa
yana ta "Ya Allah, a ba da hanya!"
Ya bi muryar.

Na ce, kama min nan, akwai hawa gaba.
Ya naɗe hannun riga, ya kama.